Hannun da Ya Ƙi Sakin Sitiyari

Sun gina gidaje a tsohon filin jirgin. Jikata ce ta bi da ni ta wajen ranar da muka dawo daga asibitin unguwa, ta ce hanya ta cunkushe, za ta zaga ta bayan gari. Ina gefenta ina jan carbi sai na hango tsohuwar bishiyar nan mai reshe guda a karkace, na ce ta tsaya. Babu ciyawa, babu rumfar kwano, babu jan ƙyallen nan mai kama da hannun riga da ake ratayawa a kan sanda don a ga inda iska ta dosa. Gidaje ne a jere iri ɗaya, kowanne da kwandon shara a ƙofa. Wata mata tana shanya kayan yara a bayan gidanta, ba ta san cewa a daidai inda take tsaye jirgi ya taɓa kifewa da mutum uku ba. Ni na sani, don ina ciki. Ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake ana rubuta min, kuma duk abin da aka rubuta sai an karanta min shi a hankali na ji da kunnena. Na daɗe da daina yarda da bakin da ke tsakanina da takarda.

Ina amarya aka kawo ni garin nan na ƙasar Turawa. A Moss Side muka fara zama, cikin wani layi na jan bulo da gidajensa suka manne da juna kamar haƙora. Abin da ya fi zama min a kai shi ne ƙara: ƙarar kwalaben madara a bakin ƙofa da safe, tarin tsohon da ke maƙwabtaka da mu ta cikin bango, kukan birkin bas a kwanar layi, da ruwan saman da ba ya tsawa ba ya walƙiya, sai dai ya wuni yana zuba kamar mai gunaguni. Aikina kwashe toka daga murhun kwal, wanki a bahon ƙarfe, shanya a ɗan tsakar gidan baya, da kwashewa tun ba su bushe ba saboda ruwa ya dawo. Kuka da daddawa sai an sami mai zuwa daga gida, a raba wa mata da cokali. Maƙwabciyata, wata baƙar mata daga tsibiran can nesa, ita ta nuna min inda ake samun doya da attaruhu. Ba ta jin Hausa, ba na jin Turanci, haka muka yi shekaru muna hira da hannu muna dariya. Yanzu yara su danna waya a kawo musu tuwo har ƙofar gida, amma ka tambaye su wa ke kwana a bayan bangonsu, sai su ɗaga kafaɗa. A lokacin mu 'yan Arewa ba mu cika falo ɗaya ba. Duk wanda ya sauka an san gidan ubansa, an san wa ya girmi wa, an san wa zai fara sa hannu a akushi. Girma da shi muka taho cikin akwati, ko ƙwarzane bai yi ba a hanya.

Kafin in baro gida kakata ta kira ni ɗakinta. Ba ta yi min dogon wa'azi ba. Ta ce za ni inda ba na jin magana, to in riƙa kallon hannun mutane, don hannu bai iya ɓoye abin da yake yi ba. Da wannan na zo, da shi kuma na rayu.

Maigidana, Malam, ban kama sunansa ba yana raye, ba kuma zan fara yanzu ba. Karatun injin jirgi ya kawo shi, daga nan ya koyi tuƙin, daga baya ya sami lasisin koyarwa. Mutum ne mai sanyin murya, hannunsa kullum da warin mai ko ya wanke da sabulu. Akwai kuma wanda muke kira Likita, ɗan garinsu ne, sa'an yayan Malam. Shi ya fara zuwa ƙasar nan a cikinsu, shi ya fara sayen gida sukutum a Whalley Range, irin manyan gidajen nan da yanzu aka yayyanka su ɗaki-ɗaki. Kullum sai ya tuna wa mutane cewa ya goya Malam a bayansa yana jariri. Yana kiransa yaro, Malam yana kiransa Yaya, ko a gaban Turawa. Ranar da Likita ya sayi ƙaramin jirgi, fari mai shuɗin zane, mai kujera huɗu da sitiyari biyu, duk 'yan Arewan da ke garin sai da suka je gani. Ba a ma yi shawarar wanda zai koya masa ba. Ga ƙaninsa.

Wanda bai zauna kusa da mai jirgi ba yana ganin kamar kullum a sama ake. Hidimar ta fi tashin yawa. Sai a shirya a je, hazo ya sauka, a sha shayi a dawo. Likita ne mai jirgi, amma mu ne masu jinyarsa. Duk Asabar muke hawa bas mu sauka a ƙarshen layi mu ƙarasa da ƙafa, ni da kwanon abinci a ɗaure cikin ƙyalle. Malam ya zagaya jirgin yana shafa fukafukai, yana girgiza wutsiya, ya tsiyayi ɗan mai a ƙaramar kwalba ya ɗaga wa haske ya ga ko ruwa ya shiga. Ni ce na ɗinka wa gilashin gaba murfi da tamfol, ni ke wanke shi da tsumma mai laushi, ni ke zura siririn hannuna in zaro ciyawar da tsuntsaye suka fara sheƙa da ita a bakin injin. Idan an gama komai sai motar Likita ta shigo, ya fito da safar hannu ta fata, ya ce, to yaro, an shirya? Ban ji haushin wannan ba a lokacin. Ina son filin. Ina son ƙamshin ciyawar da aka yanka, da tarin da injin ke yi kafin ya kama, da yadda farfela ke ɓacewa idan ta ɗauki gudu.

Akwai doka ɗaya da Malam ke fara koya wa kowane ɗalibi tun ƙafarsa na ƙasa. Sitiyarin biyu a haɗe suke ta ciki, in ka ja naka nasa ma ya jawu, don haka mutum ɗaya ne ke tuƙi a kowane lokaci. Idan malami ya ce ya karɓa, ɗalibi ya cire hannu nan take, ya ɗora a gwiwa, ya amsa cewa ya bar masa. Ba tambaya, ba musu, sai an sauka. A ɗakinmu yake gwadawa da ni, mu jera kujeru biyu, kowa da murfin tukunya a hannu. Ya ce na karɓa, ni in saki murfin ya faɗi ƙasa, tsohon maƙwabcinmu ya bubbuga bango. Na sha ganinsa da ɗalibansa Turawa: da Turanci yake faɗa musu, gajere, su saki kamar sun taɓa garwashi. Amma da Likita Hausa suke yi, kuma Hausa tana zuwa da nata ladabin. Sai in ji ya ce, Yaya, bari in ɗan karɓa. Na ce masa wata rana a bas, wannan ai roƙo ne, kuma wanda ake roƙo yana iya hanawa. Ya yi dariya ya ce in ba shi bakin da zai yi wa Yaya tsawa da shi.

Ranar da abin ya faru rana ce mai kyau, irin wadda Turawa ke tuɓe riga su kwanta a ciyawa. Likita ya kusa gama koyo, yana jin kansa. Shi ya ce a sa amarya a baya, ta gani da idonta ta je ta ba mata labari. Na zauna a tsakiyar kujerar baya, ina kallon tsakanin kafaɗunsu. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Gonaki kamar zanen da aka yi wa faci kala-kala, tumaki kamar an watsa shinkafa, garin da nake ɓata a cikinsa ya koma abin da zan rufe da tafin hannu. Muna dawowa iska ta juya. Na ga jan ƙyallen nan ya miƙe sambal yana nuna gefe. Jirgin ya fara tangaɗi, ya daki ƙasa ya yi tsalle ya koma sama a karkace. Malam ya ce, Yaya, na karɓa. Idona na kan hannun Likita. Akwai zoben azurfa a yatsansa, na ga naman yatsan ya kumbura a gefen zoben saboda matsa. Malam ya maimaita da ƙarfi, ya sake maimaitawa har muryarsa ta tsage. Likita ya ce, “Bari, yaro. Jirgina ne, na san halinsa.” Malam yana turawa, shi yana ja. Sai na ga Malam ya ɗaga hannun hagunsa sama da hannun Likita zai buge shi. Hannun ya tsaya a iska. Ya sauke shi bai taɓa shi ba. Fiffike ya kama ƙasa, shinge ya taho mana, sama ta koma ƙasa.

Likita ya fita da tsaga a goshi. Ni aka kwance ni daga bel ɗin kujera ina reto, haƙorina ɗaya a karye. Malam sai da aka yanka ƙarfe kafin a zaro ƙafarsa, ƙugunsa ya farfashe.

Yana asibiti masu binciken hatsarin suka zo ɗakinmu, Turawa masu ladabi da huluna a hannu. Ana buƙatar tafinta. Matar Likita ma'aikaciyar jinya ce, ta yi boko, kuma tun ranar take kawo min abinci tana kirana ƙanwata. Ita ta ce za ta taimaka. Na zauna na faɗi komai, tun daga ƙyallen iska har zoben azurfa, har abin da Likita ya ce da bakinsa. Na yi magana mai tsawo har shayinsu ya huce. Da ta juya wajensu, abin da ta faɗa bai fi atishawa tsawo ba. Na kalli hannun mai rubutun: layi ɗaya ya ja ya ajiye alƙalami. Ya dube ni da tausayi irin wanda ake yi wa yaron da ya firgita, ya rufe littafinsa. Hannun matar Likita kuwa yana ta murza bakin mayafi. Tun a nan na san an yanka ni. Malam ne ya gaya min sauran da aka sallamo shi. Abin da ta ce musu shi ne wai na ce tsoro ya kama ni, na rufe ido, ban ji komai ba. Likita kuma ya ce Malam bai taɓa cewa ya karɓa ba, wai ya juya baya yana hira da amaryarsa. Na tambayi Malam, kai fa me ka ce musu? Ya kau da kai. Ashe dattawanmu sun je asibiti sun zagaye gadonsa, suka ce a rufa asiri, likita ɗaya muke da shi a ƙasar nan, in sunansa ya ɓaci na kowa ya ɓaci, shi kuwa yaro ne, gaba na gabansa. Sai ya ce wa masu bincike ba ya tuna abin da ya faru. Aka karɓe lasisin koyarwarsa. Abin da ya rage, ƙafar ta ƙarasa.

A wani sito a Cheetham Hill ya ƙare rayuwar aikinsa, yana zaune a kan kujera mai tsawo yana cusa safa cikin leda. Bai taɓa ƙorafi ba, wannan ma ya fi ƙona min rai. Amma duk lokacin da ƙaramin jirgi ya wuce ta saman unguwa, ko kofi na bakinsa sai ya tsaya, ya karkata kai, ya ce wannan ya rage wuta da wuri, ko wannan ɗalibi ne. Sau ɗaya tak ya yi maganar ranar, muna tsufa. Ya ce da Bature ne a gefensa da ya karya masa yatsu ya ceci jirgin, amma hannunsa ya ƙi. Ya hana ni faɗa wa kowa, har 'ya'yanmu, ya ce yayansa ne, ya bar shi da Allah. Na bi maganarsa har na rufe masa ido. Likita ya zo ta'aziyya daga Birmingham, inda ya koma tuntuni ya sayi wani jirgin, ya zauna a sahun gaba yana karɓar gaisuwa yana cewa ƙanena ne, ni na goya shi. A kowane suna da kowane biki yana ba da labarin ranar, kuma labarin yana ƙiba kamar ragon layya. Da farko iska ce. Daga baya ya zama wani yaro mai rawar kai da ya shagala. A ƙarshe ya zama shi Likita ne ya fizge jirgin ya ceci rai uku.

Mutane za su ce me ya hana ni magana bayan Malam ya rasu. Ba tsoro ba ne. Wa zan gaya wa? Mutanenmu sun riga sun zaɓi abin da za su ji, kuma ko sun ji ba su san nauyinsa ba. Za su ce to don babba bai saki sitiyari ga ƙaninsa ba, shi ne me? Kunnen da ya san jirgi nake jira, kuma a cikin gidan Likita nake son sa. A tsakanin nan na koyi Turanci a bakin talabijin da bakin jikoki. Ban koya don in yi magana ba, har yau ba na yi. Na koya don kada a sake sayar da ni ina zaune.

A zamaninmu mai neman gafara takawa yake har ƙofarka, ya tuɓe takalmi, ya faɗi laifinsa da sunansa. Yanzu sai a ɗauki murya a waya a watsa wa jama'a gaba ɗaya, kamar mai watsa wa kaji tsaba. Haka saƙon Likita ya iso, ɗana ya kunna min. Murya ta tsufa tana rawa. Wai jiki ya yi rauni, duk wanda ya taɓa ɓata wa ya yafe masa. Sannan yana gayyatar kowa walima, jikansa ya sami lasisin tuƙi, ya mallaka masa jirginsa, kuma yaron zai ɗaga kakansa a matsayin fasinjansa na farko a gaban jama'a. Na ce a nemo min mayafina mai kyau. Ɗana, wanda ya tashi yana jin cewa ubansa ne ya yi sakaci, ya dube ni ya ce, Inna, me za ki je yi, ke da ba kya gaisa da su? Na ce shinkafa zan ci. Jikata ta ce ita za ta kai ni, amma in na fara halina za ta bar ni a tashar mai. Na ce ta bar ni ɗin, uwarta ma ta gwada.

Gidan Likita cike yake, motoci har kan titi. Mata a falo ɗaya, maza a ɗaya, ƙofa a buɗe a tsakani. Matar Likita na kan kujera da sandar ƙarfe a gefenta, ta ganni ta ce, a'a, ƙanwata, ashe rai kan ga rai. Na gaishe ta yadda ya kamata, na ci shinkafar. Bayan azahar na ji muryar Likita ta ɗauko labarin, rabi Hausa rabi Turanci saboda yara. Jikan nasa na zaune a ƙasa kusa da ƙafarsa, dogon saurayi mai natsuwa. Na lura da hannunsa: yana sauraro, yatsunsa a kwance a kan gwiwa. Na ce a raina, wannan an koya masa. Da Likita ya iso wurin yaro mai rawar kai, na dafa sandata na miƙe, na kamo jikata na tsaya a bakin ƙofar maza. Tsufa yana da wannan riba, ba mai iya cewa ki koma.

Na yi sallama na ce, Likita, ka manta akwai mutum na uku a jirgin nan, ga ni. Matarsa ta yunƙuro daga bayana tana cewa bari ta bayyana wa yara abin da nake nufi. Na juya na ce, “Yaya, ki huta. Yau na zo da tafintana.”

Na faɗa wa saurayin, shi nake kallo ba kowa ba. Ina faɗa jikata tana juyawa. Na faɗi ƙyallen iska, na faɗi tsallen da jirgin ya yi, na faɗi zoben, wanda har ranar yana yatsan, ya yi masa yawa yanzu. Na faɗi abin da Malam ya ce da abin da aka amsa masa, da hannun da ya ɗagu ya kasa sauka. Da na zo kan abin da aka gaya wa masu bincike na ce ƙarya aka yi, sai na ji jikata ta lanƙwasa shi, ta ce wai an samu rashin fahimta. Kunya ta kama ta, ga manya. Na buga sanda a ƙasa na ce, ke, na san kalmar ƙarya da Turanci, ban ji ta fito daga bakinki ba. Sai ta faɗe ta. Wani dattijo ya fara cewa Hajiya, a yi haƙuri, ranar farin ciki ce. Na ce masa ubanka na cikin waɗanda suka zagaye gadon asibiti, haƙurin da suka ba mu bai ƙare ba tukuna, in ya ƙare zan aiko a ƙaro.

Saurayin bai dube ni da tausayi ba, na gode masa da wannan. Ya juya ga kakansa, ya haɗa 'yar Hausarsa mai karyayyen ƙashi ya ce, “Kaka, ya ce ya karɓa?” Da Likita ya ce a'a, da magana ta ƙare, don maganata ce da tasa, kuma shi ne likita, tasa za a ɗauka. Amma girman da ya hana shi saki a ranar shi ya hana shi yin shiru. Ya ɗaga murya ya ce, “Yaron da na goya a bayana? A cikin jirgina?” Na ga saurayin ya sunkuyar da kai, ya daɗe a haka. Ɗana, da ya biyo mu a tasa motar bai gaya min ba, yana tsaye a jikin bango, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

Na ɗauka za a fasa zuwa filin, amma an riga an gayyaci mutane, kuma Likita ba zai yarda a ce ya fasa ba. Muka ɗunguma. Filin nasu na kwalta ne, da shinge na waya da ɗan shagon shayi, babu ƙamshin ciyawa. Jikan ya zagaya jirgin yana shafa fukafukai, ya tsiyayi mai a ƙaramar kwalba ya ɗaga wa haske, sai da na kau da kai na ɗan lokaci. Da aka kamo Likita zai hau kujerar gaba, yaron ya tare ƙofar. Ya kwantar da kujerar ya nuna masa baya. Uban yaron ya matso yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, yaron ya amsa da Turancinsu na nan, a fili, ba tsawa, kuma ban buƙaci tafinta ba. Ya ce ba zai zaunar da kowa kusa da sitiyari ba in bai tabbata zai saki ba, in kuwa ba a yarda ba, jirgin ya kwana a ƙasa. Ya iya abin da Malam ya kasa, don shi ba a goya shi da irin namu ladabin ba. Na sha zagin yaran nan a kan rashin kunya. Ranar ban zage su ba. Likita ya dubi jama'a, jama'a suka dubi takalmansu. Aka naɗe shi aka cusa a baya, gwiwoyinsa a ƙirji. Yaron ya zo har inda nake ya ce ko zan zauna a gaba. Na ce a'a, kujerar da mai ita, ta Malam ce. Haka ta tashi ba kowa a kanta.

Na san wurin da aka sa shi. Daga nan ana ganin komai, ba a riƙe komai. Da jirgin ya juyo ta gabanmu na hango shi ta ƙaramar taga, hannunsa mai zobe yana lalube a bayan kujerar da ke gabansa.

Ina tsaye a jikin wayar shingen na ji ƙarar sandar ƙarfe tana matsowa. Matar Likita ce, ta tsaya kusa da ni tana haki. Ta daɗe tana murza bakin mayafi, yadda ta yi a ɗakina na Moss Side. Sannan ta ce, ƙanwata, mun tsufa, kabari muke jira, mijina ne, me zan yi a lokacin, ki yafe mana don Allah. Injin ya ɗauki kuka, jirgin ya fara gudu. Ban juya ba. Na ce, “Yaya, tsoro ya kama ni. Na rufe ido, ban ji komai ba.”

Idona kuwa a buɗe yake tar. Na bi jirgin da kallo har ya shige gajimare, sannan na ce wa jikata ta kawo mota, ina so in yi magariba a gidana.